Masu waken masar, ku duba bayan kwanso kafin ku sayi magani

'Yan uwa, kafin ku kashe kuɗin feshi, ku zaga gona da sassafe ku tsince tsutsar da ke huda kwanson waken da hannu.

Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, siriri, ruwan ƙasa, mai dogayen ƙafafu. In ya sauka sai ya nannaɗe fukafukansa ya miƙe su gefe da gefe kamar harafin T. In ya buɗe su za ku ga a tsage suke, da gashi-gashi.

Yana saka ƙwai ɗai-ɗai a kan fure da ɗanyen kwanso. Tsutsar koriya ce mai gashi, ba ta fi santimita ɗaya ba sosai. Tana huda kwanso ta ci ƙwaya, amma in za ta rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi sai ta manne a bayan kwanson, a fili, ba ta saƙa gida. Nan ne za ku kama ta cikin sauƙi. Ku murƙushe, kada ku yar a ƙasa.

Dabarar ta ƙaramar gona ce. In kuma kuka ga fure ya harhaɗe da yana irin ta gizo-gizo, wata tsutsar ce daban mai ɓuya a ciki, tsinta ba za ta wadatar ba. Sai ku jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya su kwana, ku tace, ku fesa da yamma.