Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Shiga Jirgin Sama da Maganin Allura

Mafi munin kuskure shi ne saka maganin allura a babban akwatin da ake aunawa a kai ɗakin kaya na jirgi. Akwati kan ɓata ko ya makara, kuma sanyin wurin na iya daskarar da insulin, maganin ciwon sukari. Da zarar insulin ya daskare ya lalace, ko da ya narke ya koma kamar yadda yake. Maganin duka ya zauna a jakar hannu, tare da ƙarin na 'yan kwanaki saboda jinkirin tafiya.

Wasu kuma tsoron dokar da ta hana shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100 a kowace kwalba a jakar hannu ke sa su ɓoye magani a ƙasan jaka. Magani na cikin abubuwan da aka ɗauke wa wannan iyaka, sharaɗin dai a fito da shi a nuna wa jami'an tsaro kafin jaka ta shiga na'ura. Kada a yar da kwalinsa don rage kaya, domin takardar da ke jikinsa ce shaidar farko. A haɗa da wasiƙar likita mai ɗauke da suna kamar yadda yake a fasfo, da asalin sunan maganin, da adadin da ake yi, a kuma ambaci sirinji da allurai ƙarara. A Amurka, hukumar TSA mai binciken tsaro a filayen jirgi tana barin sirinjin da ba a yi amfani da shi ba ya wuce idan yana tare da maganinsa.

Batun sanyi ma yana kayar da mutane. Insulin da ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8, amma kada a jingina shi kai tsaye da ƙanƙara. A naɗe shi da ƙyalle a cikin jakar sanyi. Kada a dogara da firjin jirgi, yawancin kamfanoni ba sa karɓar ajiyar maganin fasinja.

Barin allura a bakin alƙalamin insulin, wato abin yin allura mai kama da biro, yana sa iska ta shiga idan matsin iska ya sauya, sai adadin maganin da ke shiga jiki ya ragu ba a sani ba. A cire ta, kuma a fitar da yunit 2 na gwaji kafin a yi allurar. Wadda aka yi amfani da ita ta shiga roba mai tauri mai murfi, ba aljihun kujera ba, inda za ta soki mai shara.

Izinin filin jirgi daban, dokar ƙasar da za a sauka daban. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Japan suna neman izini tun kafin isowa ga wasu magunguna, musamman masu ƙarfi na kashe zafi. A tuntuɓi ofishin jakadancinsu makonni kafin ranar tashi.