Yadda Ake Gane Wudsiya a Tsagin Dutse Ba Tare da An Cutar da Ita Ba

Wudsiya ƙaramin tsiro ne marar fure da ke maƙale a tsagin duwatsun ƙasashe masu sanyi, kamar Norwe, Kanada da tsaunukan Alps. Robert Brown, masanin tsirrai ɗan Scotland, shi ne ya raɗa mata wannan suna a 1810 domin girmama Joseph Woods, masanin tsirrai ɗan Ingila. Tsawonta bai cika wuce taki ɗaya ba, shi ya sa mai sauri yakan wuce ta bai ankara ba.

Ka fita nema a Yuli ko Agusta, lokacin da ƙwayoyin irinta suka nuna, kuma ka riƙe ƙaramin gilashin ƙara girma. Ka riƙa leƙa tsagogin da wasu tsirrai ba su mamaye ba, domin ba ta jure cunkoso.

Idan ka ga wadda kake zato, fara duba gindinta kafin ganyenta, don a nan babbar shaidar take. A nau'o'inta biyu da zan ambata nan gaba, karan kowane ganye yana da gaɓa kaɗan sama da tushe, kuma daga wannan gaɓar yake karyewa idan ya bushe, sai ka tarar da guntayen tsofaffin karare a tsaye, kusan tsayinsu ɗaya, kamar gemun da aka rage da almakashi. A ganina wannan alama ta fi kowace amfani, domin Cystopteris fragilis, wani tsiro mai kama da Wudsiya da aka fi ruɗa su, ba ta da wannan gaɓa, kuma jikinta sumul yake.

Daga nan ka sunkuya ka leƙa bayan ganyen da gilashinka. Za ka ga tarin ƙwayoyin iri, kowanne zagaye da siraran zare da suka fito daga ƙarƙashinsa. Idan bayan ya cika da gashi da ɓawo masu launin tsatsa, nau'in Wudsiyar da ake kira Woodsia ilvensis ce, wadda takan naɗe ganyenta in fari ya tsananta. Idan gashin ƙalilan ne, kuma rassan ganyen gajeru ne masu faɗin gindi, Woodsia alpina ce, mai son dutsen da ke da sinadarin alli.

Kada ka tsinki ko da ganye ɗaya. Hoto ya wadatar. A ƙarni na 19 masu tara irin waɗannan tsirrai sun kusa ƙarar da ita a Birtaniya, abin da har yau yake sosa mini rai, kuma dokar ƙasar ta 1981 ta hana tsinke ta ko tumɓuke ta. Kada kuma ka hau gangaren da ƙafarka ba ta amince da shi ba, domin a 1861 William Williams, jagoran masu neman tsirrai, ya faɗo ya rasu a dutsen Snowdon na Wales. Wadda ta yi maka nisa, ka tsaya inda kake ka jawo ta da kyamara, ka rubuta rana da wurin.