Yadda ake zaɓen waya mai lanƙwasuwa ga injin CNC haɗin gida

Yawancin masu haɗa injin CNC (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) da kansu sukan zuba kuɗi a kan motocin da ke motsa injin, layin dogon da kan injin ke bi da akwatin sarrafawa, in an zo kan waya kuma sai a ɗauko ragowar wayarin gida a jona. Wata biyu ko uku injin zai fara tsallake layi a tsakiyar aiki, ko ya tsaya haka kawai, a yi ta zargin kwamfuta. Sau da yawa laifin na wayar da ke kai da komowa tare da kan injin ne.

Jan ƙarfe in ana yawan lanƙwasa shi taurara yake yi, daga nan ya karye. Shi ya sa ake duba kaurin silin da ke ciki kafin komai. Ƙa'idar IEC 60228 ta kasa waya aji-aji: aji 1 sili ɗaya ne mai kauri, irin na bango, aji 2 ƴan silla ne kaɗan, aji 5 ita ce mai laushi irin ta fanka da dutsen guga, aji 6 kuma silinta ya fi na kowacce sirantaka. Duk wayar da za ta shiga sarƙar jan waya, wato sarƙa mai gaɓoɓi da ke ɗauke da wayoyi tana bin kan injin, aji 6 ake so. Amma taushi a hannu kaɗai bai isa shaida ba. Wayar da aka ƙera don motsi kullum ana murɗa ƴaƴanta, wato ƙananan wayoyin da ke cikinta, da gajeren murɗi, a matse su da riga yadda ba za su zame ba. Irinta ne chainflex na kamfanin igus da Ölflex FD na Lapp, dukansu na Jamus. Rigar PVC ta wadatar in katako kake sassaƙawa; in akwai mai ko ruwan sanyaya ƙarfe, nemi mai rigar PUR, roba mai jure mai. Kuma ka kankare sili ɗaya da wuƙa tun a shago. In ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka yi wa rufi, kuma ba ya jure lanƙwasa ko kaɗan.

Kauri kuwa wutar da za ta bi ce ke yanke shi. Motar stefa (mai tura kan injin taki-taki) mai girman NEMA 23 mai jan kusan amfiya 3 tana son waya mai ƴaƴa huɗu, 0.75 mm² kowanne. Kan yanka (motar da ke juya bakin sassaƙa) mai kilowat 2.2 da ke aiki da inbatar VFD mai daidaita gudunsa, ƴaƴa huɗu na 1.5 mm²: uku na wuta, ɗaya na atin. Makunnan iyaka, masu tsayar da injin in ya kai ƙarshen tafiyarsa, 0.25 mm² ya ishe su.

Inbata tana datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, hayaniyar da take haifarwa kuma tana tsallakawa cikin wayoyin da ke maƙwabtaka da tata. Ita ce ke sa makunnin iyaka ya ba da ƙararrawar ƙarya, ko USB ya katse. Maganin shi ne waya mai ragar ƙarfe a ƙarƙashin riga, ragar kuma saƙaƙƙiya, domin ta takardar alminiyam tsagewa take yi da motsi. Ragar wayar kan yanka a kama ta da atin ta ɓangarori biyu, da maƙalin da ya zagaye ta gaba ɗaya. Ta wayoyin sigina a ɗaure ta wajen akwatin sarrafawa kaɗai. Sa mita ka gwada ko fil na huɗu a soket ɗin kan yanka yana haɗe da jikinsa, don da yawa daga cikin masu araha a sake yake zuwa.

Sai sarƙar kanta, inda aka fi yin ɓarna. Kowace waya tana da iyakar lanƙwasar da take ɗauka. In babu takardar kamfani, ɗauki ninki goma na kaurinta: waya mai milimita 10 tana son sarƙa mai radiyos milimita 100, wato rabin faɗin lanƙwasarta. Waya mafi kauri ita ke zaɓa wa sauran. Kafa gindin sarƙar a tsakiyar tafiyar injin, sannan tsawonta ya zama rabin tafiyar, a ƙara 3.14 sau radiyos, a ƙara gaɓa biyu. Tafiyar milimita 1200 da radiyos 100 za ta ci 600 da 314 da ɗan ƙari, wato kusan mita ɗaya.

Kada ka zaro waya daga gefen naɗi, murɗewa take yi. Mirgina naɗin ka warware ta, ka shimfiɗe ta a ƙasa ta kwana. Murɗin da ya shiga sarƙa ba ya fita. A hankali wayar ke zama kamar igiyar rijiya, ƴaƴanta su tsinke a ciki alhali rigar lafiya lau. Jera su gefe da gefe, kada wata ta hau wata, masu nauyi a gefuna biyu na sarƙa, marasa nauyi a tsakiya, da ɗan shinge tsakanin ta inbata da na sigina. Bar wa kowace waya sararin kashi 10 cikin ɗari na kaurinta, tiyon ruwa kuma kashi 20. A cikin sarƙa ba a ɗaure komai. Ɗauri a baki biyu ne kawai, kuma rigar ake kamawa. Tura kan injin da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka sa yatsa a wurin lanƙwasar: wayar ta riƙa motsi sakayau, ba ta ɗame a ciki ba, ba ta kuma tokare bayan sarƙar ba.

A bakin waya kada ka shafa dalma kafin ɗaure sukuru. Dalma tana bin silla ta sandarar da su, nan ne kuma suke karyewa. Matsa mata hular ƙarfe da filaya ta musamman. Makunnan iyaka a haɗa su a rufe, wato wuta na bi ta cikinsu kullum, yadda in waya ta tsinke injin zai tsaya da kansa. Wayar stefa kuwa in ta katse ana cikin aiki tana iya ƙona direbanta, wato na'urar da ke ba motar wuta, don haka in mota ɗaya ta fara rawa ko tsallake a wuri guda kullum, kashe wuta, sa mita a kan kowane ɗa, ka riƙa lanƙwasa wayar taƙi-taƙi har ka ga inda karatun ya yi tsalle. Kada ka yi mata faci a cikin sarƙa, canja tsawon gaba ɗaya.