Yadda ake kwance notin kalifar birki idan ya cije

Duk wanda ya taɓa sauke kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki a bayan taya, domin canza mata robobi ya san inda aikin ke tsayawa: noti ɗaya ne zai kafe, ka ɗora sifana ka danna, shiru. Abin da ke jawo haka sananne ne. Wurin yana shan ruwa da laka, ya yi zafi ya huce kullum, tsatsa ta cika zaren. Idan kalifar ta alminiyam ce notin kuma na ƙarfe, su biyun kan ci juna har su manne. Wasu notocin ma tun daga kamfani an shafa musu gam na riƙe zare.

Da farko ka ɗaga motar ka zaunar da ita a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka dogara da jak kaɗai, domin za ka yi ta jijjiga ta. Ka juya sitiyari yadda kan notin zai leƙo waje. Kuma kada ka yi gaggawar cire kalifar. Duk notin da za ka taɓa, har da ɗan ƙaramin nan na fitar da iska daga man birki, ka sassauta shi tun tana ɗaure a jikin mota, don babu abin da zai riƙe maka ita kamar motar kanta.

Ka goge kan notin da buroshin waya har ƙarfe ya bayyana, ka fesa man ratsa tsatsa irin su PB Blaster ko Liquid Wrench, ka bar shi ya jiƙa. Minti biyar ba jiƙa ba ne. In da hali ka fesa da yamma, ka ƙara, ka dawo da safe. Tsakanin feshi da feshi ka riƙa ƙwanƙwasa kan notin da guduma, bugu gajere ba na huce haushi ba. Girgizar ce ke fasa tsatsar, man ya samu hanyar shiga.

Sai zaɓen soket, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Ka ɗauki mai kusurwa shida, wanda ya zauna daram. Mai kusurwa goma sha biyu a bakin kusurwoyin noti yake kamawa, da ka matsa sai ya zame ya mulmule kan. Idan tsatsa ta riga ta ci kan har soket yana lilo, ka buga wanda ya fi shi ƙanƙanta kaɗan da guduma ya shige. Ga wani abu mai kama da wasa amma yana faruwa: notocin kalifa daga baya suke shiga, wanda ke tsugune a gefen taya yakan rikice ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi. Ka tsaya ka lissafa kamar kana fuskantar kan notin.

Da doguwar sanda ka ja a hankali, ƙarfin yana ƙaruwa sannu sannu. Ka ɗan ɗaure tukuna, kamar gashin ido, sannan ka kwance. Da ya yi ƙara ya motsa, kada murna ta sa ka zarce. Ka mayar da shi, ka fesa mai, ka sake kwancewa, gaba da baya har ya saki. Hannunka zai gaya maka bambanci: notin da ke kwancewa yana tafiya da ɗan ƙas-ƙas, wanda ke shirin karyewa kuwa laushi za ka ji, kamar kana murɗa alewa. Da ka ji wannan laushin ka dakata.

Idan duk wannan bai yi ba, sai wuta. Ƙarfen da ke kewaye da notin ake gasawa don ya buɗe, kuma jan gam na Loctite ba ya saki sai zafi ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyas. Amma ka lura, man birki mai lambar DOT 3 a jikin gwangwaninsa yana iya tafasa daga digiri 205, DOT 4 daga 230, kuma yana kama wuta. Don haka ka cire tiyon man birkin, ka tsiyaye man, ka kare duk wata roba da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba, sai dai ka ga ya zube. Kada kuma wuta ta taɓa inda aka fesa maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, hayaƙinsa guba ne mai kisa.

Notin fitar da iska ya fi kowanne saurin karyewa saboda cikinsa rami ne. Ka zura gindin bakin dirili daidai ramin don kada ya lotse, ka yi amfani da ƙaramar sifana, ba doguwar sanda ba.

In kuwa kan ya guntule, idan akwai ɗan saura a waje, a ɗora macen noti a kai a yi walda ta ciki. Zafin waldar kansa yakan sake shi. Idan ya karye a ciki, ka buga alama a tsakiya cif, ka huda da bakin dirili mai juyawa hagu, sau da yawa yana cikin ci zai fito da guntun. Ni dai ba na son ƙarfen zaro guntu, domin ya fi dirili tauri, in ya karye a ciki ka shiga uku. Zaren da ya lalace ana gyara shi da Helicoil, wato murɗaɗɗiyar waya da ake zurawa cikin ramin ta zama sabon zare, amma idan mazaunin notin iska ya ci rauni, canza kalifar ya fi.

Wajen mayarwa, notin da ya sha wuta ko ya miƙe a jefar da shi a sa sabo mai daraja ɗaya, lambar tana kansa, kamar 10.9. Ka share zaren, ka ɗaure da sifana mai awo gwargwadon littafin motar. Sandunan da kalifa ke zamewa a kai giris na silikon ake shafa musu, giris na fetur yana kumbura roba. Ka mayar wa notin iska hularsa ta roba, ka fitar da iska, sannan ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa.