Yadda Ake Shuka Itacen Kaki da Kula da Shi

Itacen da masu jin Turanci ke kira wax myrtle, wanda masana tsirrai suka sani da Morella cerifera, asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, daga Niu Jasi har Filorida, ya nausa yamma zuwa Tekzas, sannan ana samunsa a Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya raɗa masa suna Myrica cerifera a 1753, kafin wani masanin, John Kunkel Small, ya mayar da shi rukunin Morella a 1903, shi ya sa har yau ake cin karo da sunayen biyu a wurin masu rainon itatuwa. Kalmar cerifera tana nufin "mai ɗauke da kaki", saboda kakin da ke lulluɓe 'ya'yansa, don haka a nan za mu kira shi itacen kaki. Abu na farko da ya kamata mai shuka ya riƙe shi ne cewa wannan itace ya saba da ƙasar da sauran tsirrai suke ƙi, kuma galibin kurakuran da ake yi wajen rainonsa daga yawan tattali suke fitowa.

Gane shi ba wuya. Ba ya kaɗe ganye duk shekara, tsayinsa yakan kai mita 3 zuwa 6, wani lokaci ya zarce haka idan wuri ya karɓe shi, kuma yakan tashi da gindi fiye da ɗaya. Ganyensa siriri ne, ya fi faɗi wajen baki, da 'yan haƙora kaɗan a gefen. Ka tsinko ɗaya ka juya bayansa a cikin rana, za ka ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa kamar an barbaɗa gari. A nan man ƙamshinsa yake, kuma da ka murza ganyen tsakanin yatsu, ƙamshin zai daɗe a hannunka.

Sirrin juriyarsa yana ƙarƙashin ƙasa. A jikin saiwoyinsa akwai 'yan ƙullutai da wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Frankia suke zaune a ciki, suna janyo sinadarin naitirojin daga iska suna mayar da shi abincin da itacen zai iya amfani da shi, shi kuma yana ba su sukari. Irin wannan cuɗanya an fi saninta a wake da danginsa, amma itacen kaki ba danginsu ba ne, kuma bakteriyar tasa daban ce. Wannan ne ya sa yake tsirowa a tudun rairayin bakin teku, da gefen fadama, da gonar da aka yi watsi da ita. Darasin ga mai shuka a fili yake: kada ka zuba masa takin zamani mai yawan naitirojin, domin ba ya bukata, kuma abin da za ka samu shi ne dogayen rassa marasa ƙwari da iska za ta karya.

Wajen zaɓen wuri, rana sosai ta fi masa, ko da yake yana jure inuwa ta rabin yini, sai dai a inuwa ganyensa ba ya cika, idan shinge ka yi da shi sai ka riƙa hango abin da ke bayansa. Ƙasa mai yashi ko mai laka, busasshiya ko mai riƙe ruwa, duk yana karɓa, har da iskar teku mai gishiri. Abin da ba ya so shi ne ƙasa mai kanwa ko mai yawan farar ƙasa, domin a cikinta ba ya iya zuƙar sinadarin ƙarfe, sai ganyen ya koma rawaya jijiyoyinsa kaɗai su rage kore. A ganina, wanda gwajin ƙasarsa ya nuna haka gara ya nemi wani itace da ya shiga wahalar gyaran ƙasa shekara da shekaru. Dangane da sanyi kuwa, a taswirar Ma'aikatar Noma ta Amurka da ta kasa ƙasar yanki-yanki bisa tsananin sanyi, yana rayuwa daga yanki na 7 zuwa sama, wato zuwa yankunan da suka fi ɗumi. Sanyi mai tsanani yana ƙone masa ganye, ƙanƙara kuma tana karya rassansa saboda itacensa ba shi da ƙwari.

Akwai abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Man nan da ke ba ganyen ƙamshi yana kama wuta da sauri, don haka a yankin da gobarar daji take yawa kada a dasa shi a jikin gini ko ƙarƙashin rufin gida. Shi kansa wuta ba ta cika kashe shi ba, domin ko saman ya ƙone ƙurmus, yakan sake tofowa daga gindi.

Idan 'ya'yan kake so, sai ka san cewa namiji daban, mace daban. Furen duka biyun ƙanana ne, ba su da wani kyan gani, suna fitowa a ƙarshen hunturu, kuma iska ce ke kai garin furen namiji wurin mace. Mace kaɗai ke yin 'ya'ya, amma sai da namiji a kusa, kuma guda ɗaya ya ishi mata da dama. 'Ya'yan ƙanana ne, kimanin milimita 3, masu launin toka da ɗan shuɗi, manne da reshen bara a cunkushe. Ka kankare ɗaya da farce, farin kakin zai taru a ƙarƙashin farcen, baƙar fatar ta bayyana. Turawan da suka fara zama a gabashin Amurka sukan tafasa su, kakin ya taso saman ruwa, su kwashe su yi kyandir mai launin kore-kore da ƙamshi, ko da yake sai an tara 'ya'ya masu yawan gaske kafin a samu kaki ɗan kaɗan. Tsuntsaye ma suna dogara da su a lokacin sanyi, musamman wani ɗan tsuntsu, Setophaga coronata, wanda cikinsa ke iya narkar da kakin, abin da yawancin tsuntsaye ba sa iyawa.

Shuka daga iri tana son haƙuri. Ka tsinko 'ya'yan da suka nuna a kaka, ka goge su a jikin rariya ko ka cuɗa su a ruwan ɗumi har kakin ya fita, domin kakin nan yana hana ruwa shiga, kuma a daji cikin tsuntsu ne ke yin wannan aiki. Daga nan ka gauraya irin da yashi mai ɗan laima, ka ɗaure a leda, ka ajiye a firiji kimanin wata 2 zuwa 3, sannan ka shuka shi sama-sama. Aibin wannan hanya shi ne ba za ka san namiji ko mace ka samu ba sai itacen ya fara fure. Hanya mafi sauƙi ita ce ka haƙo tohon da ya fito daga saiwar uwa, tare da 'yar saiwarsa, ka dasa, domin jinsinsa ɗaya da na uwar.

Ranar dashe, ka haƙa rami mai faɗi ninki biyu na tukunyar da itacen ya zo a ciki, amma zurfinsa kada ya wuce nata. Ka mayar da ƙasar da ka haƙo, ka ba shi ruwa sosai, ka shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace a kewaye ba tare da ya taɓa gindin ba. Don shinge, tazarar mita 1.5 zuwa 2 ta wadatar. A shekarar farko kada ka bar ƙasar ta bushe ƙayau. Bayan saiwa ta kama, yana jure fari.

Aikin da zai zame maka na kullum shi ne datsa. Itacen yana da saurin girma, kuma yana aika toho daga saiwa ta ko'ina, idan aka ƙyale shi sai ya zama kurmi. Wanda yake son ƙaramar bishiya ya zaɓi gindi 3 zuwa 5 masu ƙarfi, ya cire rassan ƙasa, ya riƙa yanke tohon da zarar ya leƙo. Mai shinge kuwa zai iya yi masa aski sau ɗaya ko biyu a shekara, sai dai ya tuna cewa a reshen bara 'ya'yan suke fitowa, don haka aski mai zurfi a kan mace yana tafiya da 'ya'yan wannan shekarar. Mafita ita ce a riƙa rage tsofaffin rassa kaɗan-kaɗan daga ciki da almakashin lambu, a bar na bara su ɗauki 'ya'ya.