Yadda ake haɗa wasiƙun shaida don neman gurbin karatun likitanci a Amurka

A Amurka sai mutum ya gama digirin farko yake shiga makarantar likitanci, ba kamar tsarin JAMB ba inda maki ke yin kusan duk aikin. Can, bayan maki da jarrabawar shiga likitanci ta MCAT, sai wasu sun tsaya maka da wasiƙa. Galibin makarantun da ke ba da digirin likitanci na MD suna karɓar wasiƙun ta hanyar AMCAS, wato shafin intanet da ake cike fom ɗin neman gurbi, kuma a kansa bayanin nan ya fi karkata. Makarantun DO, wato ɗaya nau'in digirin likitanci a can, suna da nasu shafin, AACOMAS, na gwamnatin jihar Texas kuma TMDSAS, kowanne da nasa ƙa'idar.

Kafin ka buɗe baki ka roƙi kowa, jera makarantun da kake so, ka rubuta abin da kowacce ta nema. Abin da aka fi gani shi ne uku: biyu daga malaman kimiyya da suka koyar da kai, wato bayoloji, kimistiri ko fiziks, ɗaya daga malamin wani fanni daban. Ka lura da malamin lissafi, ba kowace makaranta ke lissafa shi cikin na kimiyya ba. Makarantun DO da yawa suna son wasiƙar likita, masu neman MD-PhD, wato likitanci haɗe da digirin bincike, kuwa dole a ji daga bakin wanda suka yi bincike a ƙarƙashinsa. AMCAS yana ba ka gurbi har 10, amma hakan ba ya nufin ka tura wa kowace makaranta goma. Kowacce tana da iyakarta, kuma huɗu masu nama sun fi takwas masu romo zalla.

Idan jami'arka tana da kwamitin da ke rubuta wa masu neman likitanci wasiƙa guda da sunan jami'a, bi ta nan. Wanda ya tsallake shi, wasu makarantun za su tambaye shi dalili. Kwamitocin nan kan rufe rajista watanni kafin a buɗe AMCAS, don haka ka leƙa ofishinsu tun farkon shekarar karatu.

Inda aka fi faɗuwa shi ne zaɓen marubuci. Ɗalibi yakan bi suna: shugaban sashe, ko farfesan da ya koyar da aji na mutum ɗari uku, wanda ko a hanya suka haɗu ba zai gane shi ba. Abin da irin wannan zai iya rubutawa shi ne ka halarci darasinsa ka ci A, alhali wannan yana cikin takardar sakamakonka tuni. Masu tantancewa suna son abin da ido ya gani: ranar da gwajinka ya lalace a ɗakin bincike ka koma ka gano inda ka yi kuskure, ko yadda ka zauna da abokin rukuni da ya kasa gane darasi. Ƙaramin malami da ya san wannan ya fi babba da bai sani ba. Idan wanda ya fi saninka ɗalibin digiri na uku ne mai taimaka wa malami, kada ya sa hannu shi kaɗai; ya rubuta, farfesan darasin ya sa hannu tare da shi. Ɗan'uwa, abokin mahaifi, ko likitan da ka bi na kwana biyu a asibiti, a bar su.

Yadda za ka tambaya ma da saura. Kada ka ce kawai "a taimaka mini da wasiƙa". Ka ce, "Malam, kana ganin ka san ni sosai da za ka rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi?" In ya yi jim, ko ya ce ka rubuto ya sa hannu, yi godiya ka nemi wani. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ba shi aƙalla mako shida, kuma ka tambaya kafin hutun bazara, lokacin da malamai ke ɓacewa. Haɗa masa takardar sakamako, taƙaitaccen tarihin ayyukanka, daftarin bayanin da ka rubuta kan dalilinka na son likitanci, da abu biyu ko uku da kuka yi tare don tuna masa.

Sai aikin takarda, wanda ƙarami ne amma yana cizo. Kowace wasiƙa ka buɗe mata gurbi a AMCAS, zai ba ta lambarta da ake kira Letter ID. Ita da lambarka ta AAMC, ƙungiyar da ke tafiyar da AMCAS, za ka tura wa marubucin. In ka ba wani lambar wani, wasiƙa za ta shiga gurbin da ba nata ba. Ta kasance a kan takarda mai tambarin jami'a ko asibiti, da kwanan wata, da sa hannu. Makarantu na ƙin karɓar wadda ba ta cika wannan ba. Shi marubucin zai ɗora ta, ba kai ba. Inda aka tambaye ka ko ka yafe haƙƙin karanta ta, ka yafe, domin wadda ɗalibi ya gani ba a ba ta nauyi.

Ana buɗe AMCAS a watan Mayu, kuma za ka iya miƙa fom ɗinka ko wasiƙu ba su iso ba. Sai dai makarantu da yawa ba za su duba fayil ɗinka ba sai sun cika, ga shi ana rabon gurbin ganawa ne tun da wuri, don haka ka sa ƙarshen Yuni a matsayin wa'adi. Isowar wasiƙa ba ta isa ba, sai ka shiga ka sanya wa kowace makaranta waɗanda za su je mata, kuma da zarar ka miƙa, ba a janyewa. AMCAS ba ya ajiye wasiƙu zuwa shekara mai zuwa. Interfolio, wani shafin ajiya da tura wasiƙu, yana ajiyewa, amma turawa daga can da kuɗi. In za ka nemi MD da DO tare, ko kana tsoron sake nema baɗi, kuɗin ya fi maka sauƙi da komawa ƙofar malami karo na biyu.