Yadda Ake Tara Littattafai Ta Hanyar Tatsuniyar Yara a Kai Gidan Gyaran Hali

Duk shekara idan azumi ya gabato, ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai kan ɗaura aniyar kai tallafi gidan yari. Yawanci shinkafa ce da sabulu da silifa. 'Yan kaɗan ne ke tunanin littafi, su ma ɗin da na sha gani aikin kan lalace musu a wuri biyu: ko dai a tare kwalayen a bakin ƙofa saboda ba izini, ko a karɓa a yi godiya a jibge su a sito, gara ta cinye, don abin da ke ciki ba mai iya karanta shi. Tsarin da zan kawo yana haɗa abu biyu: yara su zauna su ji tatsuniya su rubuta tasu, sannan su ne za su taya a tara littattafan da za a kai wa waɗanda ke tsare.

Takarda kafin littafi

Kada ka karɓi littafi ko guda daga hannun kowa kafin ka rubuta wa hukuma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga dokar 2019 sunan hukumar gidajen yari ya koma Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma kowace jiha tana da Kwanturola. Shi ake rubuta wa, a takarda mai tambarin ƙungiyarku ko makarantarku, a faɗi gidan da ake nufi. In a Kano kake, ka ce Kurmawa ne ko Goron Dutse ko Janguza, kar ka rubuta "gidajen yarin Kano" a dunƙule. Gandiroban da ke bakin ƙofa ba shi da ikon shigar da kwalinka, komai kirkinsa, don haka kada ka tsaya yi masa magiya.

Idan amsa ta fito, je ka da kanka ka ga shugaban gidan da jami'in walwala. Ka tambaye su ba kunya: Yallaɓai, akwai aji a nan? Su wa ke koyarwa? Mutum nawa ke shirin jarrabawar NECO ko WAEC? Akwai ɗalibai na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN? Akwai ɗakin karatu, ko a ofis ake ajiye littattafai? Wane irin littafi ne ba ku yarda ya shigo ba? Ba baƙon abu ka zo da shi ba. NOUN tana da cibiyoyin karatu a cikin gidajen yari da dama, fursunoni na karatu kyauta, har UNESCO, sashen ilimi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba hukumar gidajen yari lambar yabo ta yaƙi da jahilci a 2018 saboda wannan shiri. Dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da ake kira Dokokin Nelson Mandela ma, ta 64 a cikinsu ta ce kowane gidan yari ya zama yana da ɗakin karatu. Amma kada ka je kana karanto wa jami'i doka. Ka rubuta amsoshinsa a littafinka, su ne jerin cefanenka.

Zaman tatsuniya

Nemi makarantar firamare ko Islamiyya guda ɗaya a unguwarku. Guda ɗaya na ce. Yara ashirin zuwa talatin sun isa, in sun fi haka sai hayaniya. Ni na fi son bayan La'asar, ko da yake ba za a rasa yaron da zai tuna maka cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi ba. A samo tsohuwa ko malamar da ta iya baki, wadda in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku" yara za su amsa "Ta zo mu ji ta" da ƙarfi, ta iya maƙale murya irin ta Gizo, ta rera waƙar da ke tsakiyar labari. Mai karantowa daga waya ba ya riƙe yara ko minti biyar.

Bayan "ƙurunƙus", sai a ba kowane yaro aiki: ya je gida ya sa kakarsa ko gwaggonsa ta yi masa tatsuniya ɗaya, ya rubuto ta da hannunsa. A nan ribar karatun take ga yaran, domin yaron da ke gudun rubutun insha'i zai cika shafi biyu a kan Gizo da Ƙoƙi bai ankara ba. A zama na gaba kowa ya karanta tasa a gaban 'yan'uwansa. Malam ya gyara ƙa'idar rubutu, a buga a kwamfuta da manyan haruffa, a yi kwafi a ɗinke da zare, ya zama ɗan littafin da za a haɗa da sauran littattafan a kai gidan yarin. Sunan farko na yaro kawai za a sa, ban da sunan uba ko unguwa ko makaranta.

A kula da yadda ake yi wa yara bayanin inda littattafan za su je. Kada a ce "ɓarayi" ko "miyagu". Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya, wajen kashi biyu cikin uku, masu jiran shari'a ne, alƙali bai ce sun yi laifi ba. Kuma mai yiwuwa cikin yaran da ke zaune a tabarmar akwai wanda mahaifinsa ko yayansa ke ciki, yana jin ka. A ce musu mutane ne da aka tsare nesa da iyalansu, yini yana yi musu tsawo, wasunsu yanzu suke koyon karatu. Kawo littafi daga gida kuwa ba tilas ba ne, kar a mai da shi kuɗin shiga, ɗan da ba su da shi ya ji kunya.

Tantancewa, inda aikin ke mutuwa

Da zarar an ji kuna karɓar littattafai, wasu za su share ɗakunansu su kawo muku. Za ka buɗe kwali ka tarar da littafin lissafin kuɗi na jami'a wanda ya girmi mai kawowa, da kundin digirin wani, da rahoton shekara na wani banki, da littafin da bangonsa da shafuka goma na farko suka tafi. Masu farawa kan ji nauyin zubarwa, su ce ai kyauta ce. Su ƙirga, su yi shelar sun tara ɗari biyar. Gara ɗari masu amfani. Abin da ba za ka ba ƙaninka ya karanta ba, kada ka ɗora wa gandiroba wahalar ajiyarsa.

A shimfiɗa tabarma, a zazzage komai, a kasa shi bisa amsoshin jami'in walwala. Kason da ya kamata ya fi kowanne yawa shi ne wanda ba a cika kawowa ba: littattafan koyon karatu na farko da labarai masu sauƙi da Hausa. Da yawa daga cikin waɗanda ke ciki ba su yi boko ba, ko sun tsaya a firamare, amma sun yi allo, suna karanta ajami sarai. Saboda haka a nan ne za ku kashe ɗan kuɗin da kuka tara. A Kano, masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi suna da ƙananan littattafan addini da waƙoƙin ajami da araha, na boko kuma a duba Sabon Gari. In ka sayi da yawa ka faɗa wa mai shago inda za a kai, sau da yawa yakan rage ko ya ƙara gyara. Hukumar ilimin manya ta jiha ma a leƙa ta, ta Kano tun 1980 take wannan aiki, littattafan ajin manya sun fi dacewa da magidanci fiye da na ɗan aji ɗaya mai hoton ƙwallo.

Sai na masu jarrabawa: Turanci, lissafi, tsofaffin tambayoyi, ƙamus. A tabbatar na manhajar yanzu ne. Sai na sana'a, ɗinki da kafinta da noma da kiwo. Littattafan addini a kai na Musulmi da na Kirista, don duka suna ciki, amma duk wani littafin raddi, na wannan ɓangare yana zagin wancan, a cire shi ko da hukuma ba ta hana ba. Mutane ne cunkushe a ɗaki ɗaya, ba inda wani zai tashi ya ba wani wuri. Alƙur'anin da ya yayyage kuma ba kyauta ba ne, a kai wa malami ya san yadda zai yi da shi. Littattafan soyayya ana ta musu a kansu. Ni ina sawa, in an cire na batsa, domin shi ne littafin da zai zaga hannu ashirin.

Daga nan kowane littafi a kama shi ta bango a girgiza, a bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Za ka sha mamakin abin da ke faɗowa: tsohon hoto, lambar waya, takardar asibiti, kuɗi, wani lokaci har reza da aka yi alamar shafi da ita. Abu ɗaya irin wannan in jami'in bincike ne ya gano shi, ya isa a dawo muku da kwalin gaba ɗaya, kuma ba lalle a sake buɗe muku ƙofa ba. A goge sunaye da adireshin masu littafin na da. Littafi mai ɗaurin wayar ƙarfe a warware shi a ɗinke da zare. Wannan aikin na manya ne, yara su tsaya ga buga hatimi a shafin farko da jera littattafai a kwali.

Wani abin da kusan kowa ke mantawa: tabarau na karatu. Dattawa da yawa sun iya karatu, ido ne ya gaza, ga ɗakunan ba haske sosai. Dozin ɗaya na masu araha zai yi amfani, in shugaban gidan ya amince. Haka littattafan rubutu da fensir da alli.

Kaiwa

A rubuta jerin littattafan kwafi biyu, jami'i ya sa hannu a ɗaya ku riƙe. A kai su cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, kwali ba ya kai damina. A haɗa da babban littafin rajista na aro, a roƙi a ɗora wani fursuna mai ilimi a kai, wanda aka riga aka yanke wa hukunci, don mai jiran shari'a ko yaushe yana iya tafiya. Ba a zuwa da yara. Ba a ɗaukar hoton fuskar kowa don a sa a Facebook, wayar ma a ƙofa za a karɓe ta.

Bayan wata uku a koma a buɗe rajistar. Littafin da ya yi baƙi ya lanƙwashe, irinsa za a ƙaro. Wanda ke nan fes kamar ranar da aka kawo, kada a sake saye. A tambayi mai rajista wace tatsuniya aka fi nema a cikin ɗan littafin yaran, a zo a gaya musu a zama na gaba, sannan a raba musu sabon aikin rubutu.